Tafki Na Goma Sha Ɗaya

Likita ta ce, "Ku riƙa sa shi tafiya."
Ba ta ce ina ba.
Sai Baba Aulis ya ɗaga hannun dama,
wanda shanyewar jiki ta rage masa,
ya nuna taswirar da ke jikin bango:
gundumarmu ta Puumala,
inda ƙasa ke zaman haya a gidan ruwa.

Muka mai da Asabar ranarmu.
Ni da mota, shi da sanda
da ɗan littafinsa mai koren bango,
inda yake jan layi ɗaya ga kowane tafki,
tunda haruffa sun yi masa tawaye
kamar yadda harshe ya yi.

A na farko, taku arba'in ya yi, ya nemi dutse.
A na uku sauro ya yi mana rubdugu,
ni ina gudu, shi yana jan ƙafa
yana zaginsu da ido.
A na shida ya tsaya gindin itacen nan mai farin ɓawo,
ya dafa shi kamar kafaɗar tsohon abokin aiki,
har na gaji da tsayuwa.
A na takwas muka tsinci shuɗayen 'ya'yan daji,
leɓensa ya rine, gemunsa ya rine,
bai bar ni na goge ba.

Na goma sha ɗaya ba shi da suna a taswira.
Mutanen ƙauye na ce masa Baƙin Ido.
Yuli ne, rana ta ƙi kwanciya,
ƙarfe tara na dare, haske kamar la'asar sakaliya,
ruwan kuwa launin shayin da ba a sa wa madara ba.

Nan ya koya mini iyo ina 'yar shekara biyar,
tafinsa a ƙarƙashin cikina,
yana sharara mini ƙarya:
"Ina riƙe da ke, Sirkka, ina riƙe,"
alhali tuni ya koma baya ya harɗe hannuwa.

Sai na ga yana kokawa da maɓallin riga.
Na ce, "Baba, a'a."
Ya yi mini kallon da yakan yi wa injin kwalekwale
ran da ya ƙi tashi.
Ni na ƙarasa ɓalle masa sauran.

Sanyi ya cije mu a idon sawu,
ya hau gwiwa, ya ƙwace numfashi.
Laka mai laushi ta ratsa tsakanin yatsu.
Na kwantar da shi rigingine a kan tafina,
sai ƙafar nan ta hagu,
wadda wata huɗu yake ja kamar jiƙaƙƙen gungume,
ta taso sama a hankali, ta yi lilo.
Ashe ruwa ba ya tambayar wace ce ta mutu,
duka yake ɗauka.

Can tsallake wani tsuntsu ya saki kuka
mai kama da dariyar wanda ya ci caca.
Baba ya buɗe baki zai amsa masa,
haƙoransa na roba suka suɓuce, tsulum,
suka yi ƙasa suna murmushi su kaɗai.

Ya yi dariya har ya sha ruwa,
ya yi tari, ya sake dariya,
sannan daga bakin nan da ba haƙori
kalma ta fito, cikakkiya, ta farko tun Maris:
"Saki."

Na ce, "Ina riƙe da kai, Baba, ina riƙe,"
hannuwana biyu a bayana.

A mota, lulluɓe da bargo, yana karkarwa,
ya ja layi a littafi, takarda ta jiƙe ta huje.
Haƙoran suna can har yau.
Saura tafki goma sha biyu,
kuma tun daga ranar
shi ke fara isa bakin ƙofa, tawul a wuya.